Ba a Shanya a Bene

Amatullahi ta ƙara zuba turaren wuta a kasko, ta bi kusurwoyin falo da shi kamar mai korar sauro. Warin dai yana nan. Irin warin hatsin da aka zuba a rumbu bai bushe ba ne, amma ita ba ta san wannan warin ba, don tun da ta auri Alhaji Murtala, akawu a kamfanin gurzar auduga, ta hau bene a Funtua, ta manta da rumbu. Ta manta da sunan Laraba ma, wanda duk Dandume ta san ta da shi.

Ruwan makon jiya ne ya yaye kwano, ya bi ta silin, ya sauko ta bango, ya kwanta a kafet da ƙasan kujeru. Matan da ke zaune a ƙasan benen, da ruwan ya shigar musu ta ƙofa, washegari suka baje komai a tsakar gida, har da tsummokaran da bai kamata a gani ba. Amatullahi ta leƙa, ta taɓe baki, ta saki labule. Kwano an gyara. Kafet ta naɗe shi da ruwansa ta tura ƙaramin ɗaki. Kujeru ta manna su da bango ta yafa musu leshi. Tagogi kuwa ta ɗaure su da waya, kada wani ya buɗe, a ji wari, a ce gidan Hajiya na yoyo.

A ƙaramin ɗakin nan uwarta Hansai take kwana. Ganin likita aka kawo ta daga Dandume, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce a nisanta ta da hayaƙi da danshi. Amatullahi ta ji sarai, har ta maimaita masa da Turanci.

Da safen nan ma sai da tsohuwar ta yi magana. Ta ce bango ya yi gashi, hunhuna ta fito kamar a bayan tsohon tuwo, a buɗe mata taga, a kai kafet ɗin rana.

"Laraba, ko dawa ba a ajiye ta da lema."

"Inna, nan fa ba Dandume ba ne. Ba a shanya a bene. Kuma don Allah in baƙi sun zo, ki daina kira na da sunan nan."

Baƙin, matan ƙungiyar matan manyan ma'aikata ne, kuma yau gidanta ke da taro. Shugabarsu Hajiya Naja'atu ta taɓa zuwa Dubai, kuma ba ta bari a manta. Da Amatullahi ta ji ƙarar motoci, sai ta ajiye kasko na biyu kusa da kafet ɗin, ta ja ƙofar ɗakin ta murza makulli, ta toshe ƙasanta da zani. Ta ƙara muryar talabijin.

Taro ya yi kyau. Hajiya Naja'atu ta yaba ƙamshin, ta tambaya ko na Maiduguri ne. An ci kaji, an tattauna yadda za a tallafa wa marasa galihu. Can aka ji tari, sannan bugun ƙofa, a hankali, kamar na mai jin kunya.

"Wa ke ciki?"

"Wata tsohuwa ce 'yar garinmu, muna ɗan taimaka mata."

Matan suka ce Allah ya ba da lada. Bugun ma ya daina da kansa.

Sai bayan la'asar, da mota ta ƙarshe ta tashi, ta buɗe ɗakin. Hansai na zube a gindin taga, wayar ta yanke mata yatsu. Keke Napep bai kai ƙofar asibiti da ita ba, rai ya yi halinsa. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

'Yan'uwa suka ce a yi zaman makoki a Dandume. Amatullahi ta ce can ina wurin ajiye motoci.

Da safe mazan Dandume suka iso, suna ta yi wa Laraba gaisuwa da sunanta. Kamar yadda ake yi a kowane gidan rasuwa, suka kama fitar da kujeru don a shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya tambayi kowa. Suka sauko da su tsakar gida, leshin ya zame a matakala. Bayan kujerun baƙi ƙirin, da kore-kore, da gashi. Wani ya jawo kafet ɗin ya baza a kan katanga. Wani ya kwance wayar tagogi. Matan ƙasa suka fito suna kallo, hannu a hanci.

Ta tsakiyar wannan Hajiya Naja'atu ta ratso, tana tattare lafayarta. Ta hau, ta zauna, ta yi addu'a, ta shafa.

"Ashe mahaifiyarki ce, Hajiya Laraba?"

Nan Amatullahi ta fashe da kuka, kuka na gaske, wanda ko jiya ba ta yi ba. Mata suka yi ta ba ta baki, suna cewa uwa ba wasa ba ce, addu'a za ta yi mata. Ta damƙo hannun Bushra, matar yayanta, ta jawo kunnenta.

"Ki ce su juya bayan kujerun bango."

Bushra ta ɗauka zafin rashi ne, ta bubbuga mata baya, ta ce haƙuri.

Rana kuwa ta buɗe sosai ranar, irin ta shanya.