Hannun Mai Agogo

A matattakalar bene Malama ta tsinci maganar, ta tsaya da ledar cefane tana hutar da gwiwa. Matar mai kemis ce ke faɗa wa wata maƙwabciya, wai Mai Agogo na hawa na huɗu hannunsa ba shi da kyau. Shi ya yi jinyar matarsa, ta rasu. Yanzu sau uku ke nan yana shuka a baranda, duk abin da ya tsiro sai ya kwanta ya mutu.

"'Yarsa ta haihu, sati biyu ke nan, ya ƙi ko taɓa jaririyar. Shi ma ya san kansa."

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya. Ta dubi matar ta saman tabarau.

"Ke kin ga shukar da idonki?"

"Haba Malama, sai na gani? Kowa ya sani."

"Kowa ɗin nan bai taɓa cin jarrabawata ba."

Ta wuce ƙofarta da ke hawa na uku, ta ƙara hawa ɗaya. Mai Agogo ya buɗe mata, rigarsa ta yi masa yawa. Rabonta da gidan tun zaman makoki. Suka gaisa, ta ce shukarsa ta zo gani.

Robobin shuka takwas ne jere a baranda, kowanne da takarda a manne, da rubutun marigayiya: tumatir, latas, tattasai, na'a-na'a. A ciki, 'yan tsirai ne rawaya, sun zube a kan ƙasa kamar zare.

"Ita ta sayo su," ya ce. "Ta ce in ta warke za mu koya tare. Ni agogo na sani, Malama. Ƙarfe shida na safe nake ba su ruwa, shida na yamma in ƙara. Ban taɓa latti ba." Ya ciro wata ambulan daga aljihu. "Irin da ya rage ke nan. Ƙwaya tara. Tsoron shuka su nake."

"Jikar taka fa?"

Ya ɓoye hannuwansa a baya. "Gara dai in gan ta daga nesa."

Malama ta naɗe hannun riga, ta cusa yatsa cikin ƙasar. Caɓi. Ta shinshina, warin ruɓa ya buge ta. Ta tumɓuko tsiro ɗaya, saiwar ta yi baƙi, tana narkewa a yatsa.

"Malam, kama mini mu karkata wannan."

Robar ta yi nauyi kamar dutse. Da suka karkata ta, Malama ta leƙa gindinta. Ramuka biyar ne, kowanne an cike shi da gam, an goge sumul, aikin wanda ya ƙare rayuwarsa yana hana ruwa shiga agogo.

"Wa ya toshe waɗannan?"

"Ni ne."

"Don me? Ta nan ruwa ke fita, saiwa ta sha iska."

Ya sunkuyar da kai.

"Kin manta ne, Malama. Bara kin hawo, kika ce ruwa na ɗigar miki a shanya. Marigayiya tana kwance a ɗaki, ta ji komai. Da kika sauka ta ce, don Allah kar in bari mu ƙara ɓata miki rai."

Malama ba ta manta ba. Farin zanin gado ne. Ta tuna har muryar da ta yi amfani da ita, irin ta aji. Ta leƙa ƙasa, ga igiyar shanyarta, daidai saitin robobin.

"Kana da abin huji?"

Ya kawo ɗan siririn sukundireba. Ba ta karɓa ba.

"Kai za ka huda."

Ya durƙusa. Ya huda ramukan ɗaya bayan ɗaya. Gam ɗin ya faɗo, baƙin ruwa ya tsiyayo, ya bi gefen baranda ya sauka kan wankin da ta shanya da safe. Suka tsaya suna kallo har ya koma ɗiga.

"Ka bar ƙasar ta sha iska kwana uku kafin ka shuka. Yanzu wanke hannu, ka je gidan 'yarka."

Da ta sauko, matar mai kemis na nan inda ta bar ta.

"To Malama, me kika gano?"

"Hannunsa lafiya lau," ta ce, tana laluben makulli. "Ruwa ne ya kashe shukar. Ramukan ya toshe, ni na sa shi."