Saifar da Ba a Binne Ba

Luba ta sami maƙwabcinsu Baba Hamidu a dakalin ƙofar gidansa yana yanka saifa, maguna bakwai sun zagaye shi. Saifar ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, jininta kamar kwalta, ya ƙi daskarewa. A wuyan hannunsa na hagu ya ɗaura tsumma.

"Baba, me ya samu hannun?"

"Wuƙa ce ta gaishe ni," in ji Baba Hamidu, bai ko ɗago kai ba. "Shekara arba'in ina fawa, 'yata, sai yau za ki yi mini jajen yanka?"

Duk unguwar Yelwa an san shi da magunan nan. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi neman abinci Duwala, su ne abokan hirarsa. Ba ya ba su dafaffe ko kaɗan. A cewarsa magen da ta saba da tukunya ta zama ma'aikaciyar ofis, sai barci da hamma. Ɗanyen nama yake ba su da jininsa, ƙananan kuwa ya kama musu ɓera da rai a cikin tarko ya sake a tsakar gida, wai su koyi sana'ar iyayensu.

Luba ta san inda naman yake fitowa, shi ya sa zuciyarta ta ƙi kwanciya. Mijinta Shu'aibu yana aiki a wata ƙaramar mayanka a hanyar Pitoa, kuma shi ne mai binne naman sezi, wato wanda likitan dabbobi ya duba ya ce bai halatta a sayar ba. Ka'ida ita ce a zuba masa kananzir, a ƙona, a binne. Amma tun shekarar da aka zabge albashi, likitan sai ya leƙo, ya buga hatimi, ya wuce gonarsa. Kananzir ya daina zuwa. Shu'aibu kuwa ya ga wautar haƙa rami cikin zafin Garwa alhali ga bakuna na jira. Kullum da la'asar sai ya sauke baƙar leda a ƙofar tsohon, 'yan unguwa suna sa masa albarka.

Ta yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ta yi makaranta har aji huɗu na lise, wato sakandare, ta san cuta ba ta tambayar wa aka yi wa sadaka. Amsarsa guda ce: ai ba mutum zai ci ba, kuma ciyar da kyanwa lada ne.

Kwana biyu bayan saifar, babbar magen, wadda tsohon ke kira Goggo, ta mutu a bayan randa, wuyanta a kumbure. Da Luba ta lallashe shi ya kwance tsumman, sai ta ga gyambo mai baƙin tsakiya kamar an ɗora masa gawayi. Ta roƙe shi su je asibiti. Ya ce ba ya ciwo, kuma abin da ba ya ciwo ba ya kisa. Dattawan majalisa suka ce maruru ne, wanzami ya zo ya shafa masa magani. Kowa ya koma inuwarsa.

Sai ranar da hannun ya kumbura har kafaɗa, zazzaɓi ya kwantar da shi, Shu'aibu ya yarda ya nemo mota. A asibitin unguwa, Madam Émilienne, nas mai furfura, ta dubi gyambon sau ɗaya ta ja baya ta sa safar hannu.

"Sharbon ne, ciwon saifa na shanu," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Da kun zo tun kwana uku, allura ta isa. Wace dabba ya taɓa? Ku faɗa mini. In akwai sauran naman a gari, wasu ma na kan hanya."

Luba ta dubi mijinta. Shu'aibu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa na roba. Ta san in ta buɗe baki aikinsa ya tafi, wataƙila har da jandarma a ƙofar gida. Ta kuma san saniya ba saifa kaɗai gare ta ba.

Tsohon ne ya riga ta, muryarsa a shaƙe. "Ba wanda ya ba ni, Madam. A juji na tsinta."

Nas ɗin ta tsare Luba da ido, tana jira. Luba ta gyara mayafinta, ta kawar da kai.

Baba Hamidu ya cika washegari da hantsi. Abin da ya faɗa wa Luba na ƙarshe shi ne kada a bari magunan su watse, kuma kada wani ya lalata su da dafaffe.

A zaman makoki magana ɗaya ce ke yawo daga tabarma zuwa tabarma: kwana ne ya ƙare. Mahautan da suka san launin saifa mai ciwo tun suna yara su ma haka suka ce, suna jan carbi. Da Luba ta ce wa matan ai ciwon yana da suna, yana da magani, sai wata tsohuwa, Iyatu, ta dafa mata gwiwa.

"Ke, boko ba ya hana ajali. Yi masa addu'a kawai."

Ba wanda ya tambayi inda sauran saniyar ta shiga. Ita ma da ta tambayi Shu'aibu a ɗaki, cewa ya yi shi dai saifa ya gani.

Ranar sadakar uku da la'asar ta ji tsayuwar keken Shu'aibu a waje. Ta fito ta tarar da shi riƙe da baƙar leda, maguna shida sun taso suna shafa ƙafafunsa.

"Amanar marigayi ce," ya ce. "Wannan huhu ne kawai, ɗan tabo ne a jikinsa."

Ta karɓi ledar da bakin fartanya, ta zagaya bayan gida. Ƙasar ta bushe kamar dutse, sai da tafin hannunta ya yi kanta kafin ramin ya kai kamu biyu. Ta juye kananzir ɗin fitilarsu duka a kai, ta ƙyasta ashana.

Shu'aibu ya tsaya daga nesa, ya ce gobe ma akwai yanka, ita ta san da haka. Sannan ya shige gida.

Hayaƙin ya miƙe sama, ba iska. Magunan suka hau katangar Baba Hamidu suka jeru, suna kallon wutar har ta mutu. Daga nan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka koma dakalin suka zauna, fuskokinsu na duban hanya.