Ninki Goma a Ƙeya

Tunda Ma Fransina ta yi wayo a birnin Paramaribo, can Kudancin Amurka, ba ta taɓa fita bikin Keti Koti, ranar tsinke sarƙar bauta, da ɗaurin ɗankwali na hannun wata ba. Bana kuwa yatsunta sun ƙi ta. Ciwon gaɓoɓi ya murɗe su, ga ɗankwali ya sha sitacin rogo ya sandare kamar kwali, ga ɗaya ga Yuli, ranar bikin, ta yi.

Ba fitar ce ta dame ta ba, ɗaurin ne. A garin kowane ɗauri da sunansa, wani "Ku yi ta faɗi", wani "Jira ni a kwana". Na gidansu sunansa "Da saura". Kakar kakarta Kwasiba ce ta fara shi, ranar da aka buga igwa aka ce bayi sun 'yantu, sannan aka ƙara da cewa sai sun yi shekara goma suna saran rake tukuna. Kwasiba ta yi wa ɗankwalinta ninki goma a ƙeya, ta koma gona. Daga uwa sai 'ya har ya iso hannun Fransina, kuma a ganinta nan zai mutu.

Don kuwa 'yarta tilo, Orlanda, nas ce a Holan shekara talatin ke nan, mace mai wando da gajeren gashi. Ta zo hutu, tana kicin tana dafa rogo da ayaba da busasshen kifi na ranar. Sau ɗaya Fransina ta gwada koya mata ɗaurin tun tana budurwa, suka rabu baram-baram, kowacce ta riƙe abin a zuci.

Orlanda ta leƙo ta tarar da uwar tana kokawa da fil.

"Mama, kawo in ɗaura miki."

"Ke? Ki yi mini 'Jira ni a kwana' tsofai-tsofai da ni, dattawan coci su biyo ni?"

"Da kin samu mai rakiya ai. Zauna."

Fransina ta zauna, don ba ta da yadda za ta yi. Baƙin ciki ya cika ta, ta rufe ido don kada ta ga ɓarna. Tana jin ƙarar yadi a bayanta, da fil yana shiga. Daga titi an fara kaɗa ganguna.

Da aka aza mata shi ba ta nemi madubi ba. Ta kai karkatattun yatsunta ƙeya tana lalubawa. Ɗaya, biyu, har goma. Na goman a soke yake ciki, yadda Kwasiba ta bar shi, abin da Fransina ba ta taɓa nuna wa kowa ba.

"Wa ya koya miki?"

Orlanda ta cire fil ɗin da ya rage a bakinta.

"Kowace shekara kina gaba a jerin gwano, ina biye riƙe da zanenki. Ba kya waiwayowa, Mama. Ƙeyarki kaɗai nake gani."

Kunya da daɗi suka haɗe wa Fransina. Can ta miƙe, ta gyara zane.

"Ɗauko ɗayan ɗankwalin ki ɗaura," in ji ta. "Yau ke ce a gaba."