Hanyar Gaba Tana Baya

A gafarce ni da karambanin ɗaukar alƙalami a gaban manya. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarrabawa ba. In kun ga tuntuɓe, ku kau da kai.

Tun da hantsi rana ta ɓace musu. Ba faɗuwa ta yi ba, su ne suka gangara ƙasa da inda take iya leƙowa. Bangon dutse ta dama, bangon dutse ta hagu, sama ta koma siririn zare shuɗi, kogi kuwa yana ruri a gindin kwazazzabon kamar ana niƙa duwatsu.

Nélida na gaba, Kaka Saturnina na riƙe da igiyar jakarta ta baya, don yanar ido ta hana tsohuwar ganin abin da ya wuce ƙafafunta. Shekaran jiya saƙo ya iske su a birnin Kusko: Dominga, yayar Kaka, tana kwance a ƙauyensu na ƙetaren kogi, mai son ganinta da rai ya yi sauri. Shekara hamsin da biyu rabon su da juna, tun ranar da Saturnina ta ce za ta kai cuku kasuwa, ta bi wani direba, ta bar wa Dominga jinyar uwarsu. Ko jana'izar ba ta zo ba.

A inda mota ta ajiye su, Kaka ta yi kwatance da harshen Kecuwa. "In mun kai dutsen da ya tsage biyu, ki bi ñawpa."

Nélida ta gyaɗa kai. A birni ta tashi, Kecuwarta ta ƙamus ce, amma wannan kalmar ta san ta sarai, ma'anarta gaba. Da suka kai tsagaggen dutsen, ga hanya mai faɗi ta miƙe, ga wata 'yar siririya da ciyawa ta cinye, ta juya baya kamar mai fushi. Ba ta ko tsaya ba. Ta ji daɗi ma da ba sai ta yi tambaya an yi mata dariya ba.

Sun yi tafiyar kusan awa biyu, sannan igiyar jakar ta ja ta.

"Ke mai takarda, wa ya ajiye kogin nan a kunnena na hagu?"

"Can yake tun ɗazu, Kaka."

"Tun ɗazun nake jira ya koma dama, ya ƙi."

"Amsa-kuwwa ce. Na karanta cewa a irin wannan wuri..."

"Kin karanta," in ji Kaka.

Ba a jima ba hanyar ta ƙare a bakin wata gaɓa. Turaku biyu na siminti a tsaye, wayoyi na lilo a jikinsu kamar kitson da aka tsefe, tsakaninsu da ƙetare babu komai sai iska. Nélida ta duba taswira, ta duba wurin, ta juya taswirar.

"Babu gada, Kaka."

"Dama wa ya ce akwai? Ruwan damina ya tafi da ita, mai saƙo ya faɗa. Shi ya sa na ce ñawpa."

"Ai gaban muka bi."

"Hanyar da, 'yar nan. Ta iyayenmu."

Nélida ta zaro ƙamus. Ga kalmar nan: gaba. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙen da ba ta taɓa kula da su ba: zamanin da, can da. Ta karanta sau uku, kanta ya ƙara ɗaurewa.

"Ta yaya abin da ya wuce zai zama gaba? Ai baya yake."

"Ido gare ki a ƙeya? Jiya kin gan ta, ga ta nan a gabanki. Gobe ce ke laɓe a bayan mutum, shi ya sa take faɗo masa ba sallama."

"To yanzu hanyar gaban tana ina?"

"Baya."

Nélida ta jira zagi, bai zo ba. Tsohuwar ta kwance ƙullin zanenta, ta zaɓi ganyen koka uku masu kyau, irin wanda suke addu'a da shi, ta ɗaga su wajen dutse, ta hura musu iska. "Ki jira ni, mai taurin kai," ta ce a hankali, da yayarta take. Wannan ya fi zagi zafi.

Komawa hawa ce. Sau biyu Nélida ta goya ta, ta ji ba ta fi damin kara nauyi ba. Gasasshiyar masarar da suka yi guzuri a tafe suka tauna ta. A tsagaggen dutsen suka bi siririyar hanyar, ƙaya na kama musu tufafi, kogi ya koma kunnen dama, Kaka ta saki igiyar jaka ta shige gaba, ƙafafunta na tuna abin da idonta ya manta.

A ƙarshenta, waya ɗaya ce mai kauri ta ratsa kogin, da kwandon ƙarfe rataye a jikinta. Wani tsoho mai hular ulu ya taso daga gindin dutse, ya daɗe yana kallon su.

"Saturnina? To, cukun ya sayu?"

"Ja igiya, Hilarión. Haƙora sun ƙare, baki bai ƙare ba." Sai muryarta ta sauka. "Tana nan?"

"Da safe dai tana nan, har da zagin kaji."

Zaman kwandon juya baya ake yi. Nélida ta ƙanƙame ƙarfe, ruwa na tafasa a ƙasansu, gaɓar da suka baro tana ƙanƙancewa a idonta. Wadda suka nufa kuwa ba ta gan ta ba sai da ta bugi bayan kwandon.

Rana ta yi ja a kan duwatsu sa'ad da suka shiga ɗakin. Mata maƙwabta na zaune a jikin bango, ƙamshin hayaƙi da dafaffen dankali ya cika wurin. Dominga na kwance ƙarƙashin barguna, numfashi sama-sama. Ta buɗe ido. Kallonta ya tsallake tsohuwar da ke tsaye a gabanta, ya sauka a kan yarinya 'yar shekara goma sha tara mai ƙura a kitso.

"Saturnina. Kin daɗe a kasuwa."

Nélida ta juya wajen Kaka. Kaka ta mintsine ta a ƙugu. "Amsa."

Ta durƙusa, ta ba da hannunta. Duk kalmomin ƙamus suka watse, sai gaskiya ta rage mata.

"Hanya na ɓata, Yaya."

"Ke dai kullum. Inna ta yi ta tambayarki, na ce kina tafe." Dominga ta lumshe ido, ba ta saki hannun ba. "Kin ci abinci?"

A hankali Nélida ta jawo hannun Kaka, ta zare nata yatsa bayan yatsa, ta sa na tsohuwar a madadinsa. Babban yatsan Dominga ya yi ta shafa jijiyoyin da suka fito, ya tsaya, ya ci gaba.

"Hannunki ya yi kaushi."

"Tafiya ce, Yaya," in ji Kaka.

Matan duk idonsu na kan gadon. Nélida ta ɗauki jakarta, ta ja da baya da baya, tana kallon su, har ƙofar ta taɓa kafaɗarta.