Azurfa Cikin Jar Fata

A shekarar da soja suka rufe iyaka, muryar Malam Boyi ta fara barinsa. Tun kafin a haifi yawancin masu bin sahu yake kiran salla a masallacin unguwarsu a Illela. Yanzu in ya ja, sai murya ta tsinke a tsakiya, lasifikar da ke kan soro kuma ta cika gurbin da gurnani. Aka fara ƙus-ƙus a wurin ajiye takalma: ba a jin ladan daga bakin tasha, ya kamata tsoho ya huta.

Na'Allah, babban ɗansa, shi ke gyaran rediyo a unguwar, shi ne kuma ke kula da injin wuta da akwatin lasifikar masallaci. Ya san in aka karɓe kiran salla a hannun ubansa, an karɓe abin da ke tayar da shi daga shimfiɗa. Ya buɗe akwatin ya hure ƙura, ya sake makirfo, ya ɗaure duk abin da ya saki. Murya ba ta dawo ba.

Ana nan sai aka kira shi gyara a gidan Hamidu, wani ma'aikacin kwastan ɗan Kano wanda rufe iyaka ya bari ba aiki sai jin faifai. Da ya gama, Hamidu ya jawo wata waya daga bayan kayan sautinsa.

"Taɓa ka ji, Malam Na'Allah. A hankali mana, ba igiyar guga ba ce! Azurfa ce a ciki, daga Turai."

"To mi taka yi wanda jan ƙarhe bai yi?"

"Jan ƙarfe ɗan dako ne mara amana, yana cin murya a hanya. Azurfa kuwa yadda aka ba ta haka take kaiwa. Saurara."

Ya ɗora faifai. Na'Allah ya ji mawaƙin yana jan numfashi kafin ya buɗe baki, ya ji har gogar yatsa a kan tsirkiya. Bai tambayi kansa ko aikin wayar ne, ko na lasifikan nan biyu masu tsayin yaro ba. Numfashin kawai ya riƙe a ransa har gida.

Matarsa Hindatu ta saurare shi tana tsince shinkafa. Da ya kai ƙarshe ta zare mundayen azurfar da ta gada wurin uwarta, ta ajiye a faifai.

"Don Baba na, Malam, ba don kai ba. In murya ba ta hito ba, ka maido min su yadda suke."

Na'Allah ya kai wa Abu maƙerin fari, mai aikin azurfa. Abu ya narka su, ya yi ta jan azurfar ta ramukan ƙarfe har ta koma siririya kamar zaren saƙa. Yana ja yana dariya. "Ni dai azurhwa kunne da hannu na sani. Yau ga ta za ta shiga maƙogwaro."

Saura abin rufe ta. Robar waya daga Ƙonni take shigowa, can ƙetaren iyaka, hanya kuwa a rufe. Abu ya ce abin da kowa a garin zai ce: a kai wa baduku. Wanda ke rufe laya da ƙotar takobi, waya za ta gagare shi? Baduku ya naɗe kowane sili daban, ya haɗa su cikin jar fata, ya ɗinke tsaf. Na'Allah bai taɓa riƙe waya mai kyanta ba. Ya haɗa ta daga makirfo zuwa akwati, ta bi ta ramin bango ɗaya da tsohuwar wayar injin wuta.

Malam Boyi ya shafa ta da yatsa. "Azurhwa ta?"

"Ita ta, Baba."

Tsoho ya miƙe kafaɗu, ya gyara rawani, ya yi kiran azahar. Muryar ta fita ba ta tsinke ba. Washegari Na'Allah ya je bakin tasha ya tsaya ya saurara. Da za a ba shi Alƙur'ani, ba zai rantse ya ji bambanci ba. Amma ƙus-ƙus ya mutu, har wasu na kawo baƙi su ga wayar.

Wata rana wani ya yi tuntuɓe da buta a gindin bangon, ruwa ya jiƙa fatar. Na'Allah ya sunkuya zai ɗaga ta, sai wuta ta ja shi har gwiwar hannu. Ya tsaya yana duban ramin. Robar wayar injin ta tsattsage a ciki. Da can waya mai roba ke kwance kusa da ita, ba abin da ke ƙetarawa. Fata kuwa in ta sha ruwa ta zama hanya. Kuma ƙarshen hanyar nan makirfon ƙarfe ne, a hannun mutumin da ba ya kiran salla sai da ɗanyar alwala, ƙafa ba takalmi.

Ya ce zai cire ta ya naɗe da robar tayar keke.

"Kak ka taɓa min ita," in ji Malam Boyi. "Baƙar roba bisa azurhwa? Ka bar abu yadda Allah ya gyara shi."

Bai iya gaya masa dalili ba. Ya dubi sama, fara fat, bazara na ƙuna. Ya ce wa kansa akwai lokaci kafin ruwa.

Wata rana yana ƙauyen Araba yana gyaran rediyon wani manomi, bayan azahar, iska ta juya. Ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Yara na ihun murna, mata na kwashe shanya, manomin na cewa alhamdu lillahi. Na'Allah ya tuna indararon masallaci: daidai saman ramin yake zuba. Ya bar rediyon a buɗe, ya hau keke.

Ruwa ya tare shi a hanya. Yashi ya zama taɓo, taya ta riƙa nutsewa. Ya sauka ya tura, ya sake hawa, ya faɗi, ya tashi. Yana ta roƙon abu ɗaya: inji ya ƙi tashi. Sau nawa injin nan ya ƙi tashi ranar da ake buƙatarsa? Da ya shigo gari sarƙar keke ta zame. Ya yar da shi a bakin hanya, ya sa gudu.

Sai ya ji muryar ubansa ta cikin ruwan, daga kan soro. Kabbara ta fari, cikakkiya. Ta biyu. Tsohon ya shiga shahada, ya kai tsakiya, kalmar ta karye. Abin da ya biyo baya ba kiran salla ba ne. Wani gurnani ne mai rawa, na mutum da haƙora a datse, lasifika kuma na raba shi ga gari duka.

Mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar masallaci, wani ya miƙa hannu zai shiga.

Na'Allah ya daka tsawa: "Kak ku taɓa shi! Kowa ya taɓa shi ya tahi!"

Bai shiga wurin ubansa ba. Ya wuce shi, ya faɗa rumfar inji, ya fizge wayar fulogi. Inji ya yi tari ya mutu. Ba abin da ya rage sai ƙarar ruwa a kwano.

Malam Boyi na kwance a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, idanu a buɗe, makirfo a damƙe. Na'Allah ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannun ya yi fari, yana warin ƙauri. Ya kira shi, ya sake kira. Ya sa kunne a ƙirjinsa, bai iya rarrabe bugun zuciyar tsohon da nasa ba. Can sai ƙirjin ya ɗaga, tsoho ya yi tari.

"Ina nat tsaya?" ya ce.

Yatsu biyu ba su ƙara miƙewa ba. Da ya samu sauƙi, abin da ya fara tambaya wayar ce. Shi a wurinsa laifin ruwa ne da inji, azurfa ba ta cutar mutum.

Na'Allah ya fasa wa wayar inji wani rami can nesa. Ya farke ɗinkin jar fatar, ya zare azurfar, ya zura tsohuwar wayar jan ƙarfe da robarta a ciki, ya ɗinke da kansa. Ya kai wa Hindatu azurfarta a nannaɗe kamar ƙwaryar zare.

"Cewa niy yi yadda suke," ta ce. Ta karɓa.

Ranar da Malam Boyi ya koma, ya riƙe makirfo da hagu, ya yi kiran la'asar har ƙarshe. Da ya juyo sai ya shafa jar fatar.

"Ka ji ko? Azurhwa daban ta."

"Na ji, Baba."

Ba wanda ya ce murya ta ragu. Amma duk damanar nan, da hadari ya taso daga gabas, Na'Allah kan rufe shago ya je ya tsaya a rumfar inji, hannunsa kusa da fulogi, har ladan ya sauke.