Ranar Da Aka Ƙona Kiɗan Buwai

Jamil yana da rumfa a bakin kasuwar Zakirai, inda yake cajin waya, yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Amma ransa na kan shafinsa na intanet. Can yake ɗora tsofaffin kaɗe-kaɗen rawa da yake tonowa daga ƙauyuka: kalangun biki, kiɗan gayya, kiɗan dandali. Duk inda ya ji an ce akwai tsohon kaset a ƙasan adaka, sai ya hau babur.

Wata rana Inna Joyce, mai sayar da daddawa, ta zo masa da ƙullin kaset-kaset a tsohon zane. 'Yar marigayi Buwai ce, makaɗin da a zamaninsa ba a bikin kaka a unguwanninsu sai da gangarsa.

"Ɗana, rikodarmu ta daɗe da mutuwa," ta ce. "Ga kiɗan Baba nan. Ka sa shi inda jikokinsa za su ji."

Jamil ya wanke sautin, ya ɗora. Kafin damina ta faɗi, kiɗan ya zaga. Masu gadi a Legas da 'yan ci-rani a Fatakwal suna rubuto masa cewa sun tashi sun taka, wasu har da hawaye.

Sai labari ya fara sauyawa. A zauren hira na intanet na masu irin sana'arsa, kullum sai an ce an rufe shafin wane, an kwashe kwamfutar wane a birni saboda haƙƙin mallaka. Abokansa suka shiga goge abin da suka tara. Ana cikin haka wani Abdulkabir, mai situdiyo a Kano, ya kira shi ya ce kiɗan Buwai nasa ne, iyalan mamacin sun sayar masa, ya sauke shi ko ya gani a ƙwaryar shansa.

Jamil ya je ya sami Inna Joyce. Ta ajiye faifan da ke hannunta ta ce, "Waɗanne iyalan? Ni ce babba a gidan nan. Ban sayar da ko tsinke ba."

Sai ya bar kiɗan a inda yake.

Ranar kasuwa, rana ta take, wata farar bas ta tsaya daidai rumfarsa. Abdulkabir ya sauko cikin shadda, bayansa wasu samari masu jajayen idanu riƙe da gorori. Na ƙarshe da ya fito shi ne Abel, ƙanin Inna Joyce, yana ta kallon ƙasa.

"Kai ne mai shafin?" in ji Abdulkabir.

"Ni ne, Alhaji. Ina jami'an hukuma? In takardar kotu ce, a nuna mini."

"Ga takardar nan."

Marin da ɗaya daga cikin samarin ya sauke masa sai da ya ga wuta. Kafin ya dawo hayyacinsa gora ta same shi a kunnen dama, ya faɗa kan teburin caji, wayoyin mutane suka watse cikin ƙasa. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, ya ji ƙashin hannun ya ce ƙas. Wani ya ɗaga kwamfutarsa ya maka ta da turken rumfa har sau biyu, ta rabe.

"Ina kaset ɗin?" Abdulkabir ya tambayi Abel.

Abel, da ya taɓa ganin inda Jamil ke ajiya, ya nuna akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin benci. Abdulkabir ya riga ya kwafe kiɗan daga shafin, abin da yake so shi ne kada na asali ya rage a hannun kowa. Suka zazzage akwatin a tsakiyar hanya, na Buwai da na sauran makaɗa, duka. Wani ya fizgo kwalbar fetur daga teburin ɗan bumburutu ya tuttula, ya ƙyasta ashana.

Hayaƙin ne ya jawo Inna Joyce daga layin masu kayan miya. Ta ratsa mutane da gudu, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba. Ta ga Jamil kwance jini na fita ta kunnensa, ta ga wutar, sannan ta ga ƙaninta.

"Abel! Kai ne?"

"Yaya, ki koma. Ni ne namiji, gangar Baba gadona ce. Ke kika kwashe kika ba bare ba ki tambaye ni ba."

"To ga gadon naka yana ci!"

Ta durƙusa ta cusa hannu biyu cikin wutar. Robar da ta narke ta manne mata a tafi, ba ta saki ba, tana jawowa tana ihu. Ɗaya daga cikin samarin ya ce ta matsa, ta ƙi. Ya ɗaga gora ya sauke mata a ƙeya. Ta kife, furfurarta ta rine da jini.

Abel ya yi wata irin ƙara. Ya yi tsalle ya shaƙe saurayin, suka zube tare, yana buga kan saurayin da ƙasa yana cewa, "Yayata ce! Yayata ce, don ubanka!" Bai ga wanda ya zagayo ta bayansa ba. Wuƙa ta shige shi a kwiɓi, aka zare aka sake mayarwa.

Nan kasuwa ta tashi. Mahauta suka fito da jini a rigunansu, 'yan dako suka yar da buhunan gero, manoman da suka zo sayen fartanya suka ɗauki na kan tabarmar maƙeri. Duwatsu suka rufe bas ɗin, gilasai suka zube. Direba ya buɗe ƙofa ya arce cikin gonar dawa. Wanda ya soki Abel ya kai bakin masallaci kafin a cim masa, aka rufe shi da duka har ya daina motsi. Abdulkabir ya shige shagon wani tela yana kururuwa cewa yana da takardu. Aka jawo shi ta ƙafa, shaddar ta koma tsumma, haƙoransa na gaba suka zube a kwata. Ba don limamin kasuwa ya kwanta a kansa yana haɗa mutane da Allah ba, da gawarsa 'yan sanda za su tarar.

A bayan motar wani mai kayan gwari aka ɗora Jamil da Inna Joyce da Abel. Ta farfaɗo a hanya, ta jawo kan ƙaninta kan cinyarta da gwiwar hannu, don tafukanta ba sa taɓuwa. Abel bai kai asibiti ba.

Ba a jima ba aka rufe shafin Jamil, bisa ƙarar da Abdulkabir ya shigar tun kafin ya zo. Shari'ar kisan kuwa, ana ta ɗaga ta. Kunnen Jamil na dama bai sake ji ba, hannun ya ɗoru a karkace.

Da aka sallame shi daga asibiti ya tafi gaisuwa. Ya sami Inna Joyce a gindin ɗorawa, hannuwanta naɗe da bandeji, matan coci na zaune kewaye da ita. Ya tsuguna.

"Inna, ya haƙuri? Da na sauke tun da ya kira..."

"Rufe bakinka," ta ce. "Ni na kawo maka. Ɗauko mini moɗar can, ƙishi nake ji."

Ya ɗebo ruwa a randa da hannun hagu, ya kafa mata a baki. Ta sha kaɗan, sauran ya zubo mata a wuya, ɗaya daga cikin matan ta miƙo gefen zane ta goge.