Sabon Fenti a Kan Tsohon Tanki

Kafinta ya gaji da shafa fenti da buroshi. Duk kabad ɗin da ya gama, sai mai kaya ya shafa jikinsa ya ce, "Da feshi ne da ya fi sheƙi." Shi ya sa da matarsa ta ce yayanta zai sayar da tsohon injin iskarsa, irin wanda ake feshin fenti da shi, ya wanke hannu ya tafi.

Ya tarar Yaya ya janyo injin tsakiyar gareji. Kan injin, wato sashen da ke tura iska, duk baƙin mai ne da datti, amma tankin ja wur, ko warin fentin bai gama fita ba. Kafinta ya zagaya injin yana duba. Wa ke yi wa kaya kwalliya rabi ya bar rabi?

"Yaya, har wanka ka yi masa?"

"To in ba ka shi da dauɗa? Kai dai ba a iya maka. Kunna ka ji murya."

Ya kunna. Injin ya kama tuk-tuk-tuk, allurar mita ta fara hawa. Sai Yaya ya tuna bai rufe ƙofar gida ba. Bai dawo ba sai da tankin ya cika injin ya tsaya. Kafinta ya saki iskar, ya sake kunnawa. Wannan karon waya ce ta fitar da Yaya, wayar da Kafinta bai ji ta yi ƙara ba.

Kafinta ya kashe, ya saki iskar kaf, ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin tankin. Yatsunsa, da suka saba gane tudu a jikin katako ko ido a rufe, suka ci karo da wani layi mai kauri a ƙarƙashin fentin. Walda. Ya kwance ɗan famfon gindi, jan ruwa mai tsatsa ya tsiyayo. Tankin da tsatsa ta ci ta ciki aka liƙe ta waje ba ya gargaɗi, rana ɗaya yake fashewa. Kuma kusurwar da ya share wa injin a shagonsa na gida, bango ɗaya ne tsakaninta da katifar yaransa.

Shin Yaya ya sani? Yaran nan fa 'ya'yan ƙanwarsa ne, shi ke ɗaga su sama suna dariya. Wataƙila ƙara ce kawai ba ya so. Wataƙila.

"Yaya, zo tsuguna kusa da ni mu sake cika shi, ka nuna mini inda yake tsayawa."

"Bayana ba ya son tsugunno," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "In ba ka so ka faɗa, Malam. Mai facin taya na bakin titi ya dame ni a kansa."

Kafinta ya san wurin mai faci. Masu babur ne a jere kullum, wasu ma a kan tanki suke zama kafin a gama musu. Ashe ko ya juya ya tafi, hannunsa bai fita ba.

"Na saya," ya ce.

Da suka gama ciniki Kafinta ya ce, "Ara mini injin huda."

"Me za ka huda kuma?"

Kafinta ya ɗauko injin hudar. Ya dafa tankin da gwiwa, ya ɓula shi a gefe, ya matsa ya sake ɓulawa. Ƙarfen bai yi gardama ba ko kaɗan.

"Kan injin nake so. Tanki zan nemi wani."

Ya jira Yaya ya yi faɗa, ko ya tambayi dalili. Da ya yi ɗaya daga ciki, da Kafinta ya samu natsuwa. Amma Yaya ya dubi ramukan, ya dubi ƙasa.

"Ai kayanka ne," ya ce. "Ka gaida yara."

A gida matarsa ta leƙo shago, ta gan shi da buroshi a hannu kamar kullum.

"Au, ina feshin? Yaya dai ya kyauta maka ko?"

Kafinta ya tsoma buroshi a gwangwani, ya daɗe yana kallon bangon nan da yara ke kwana a bayansa.

"Ya ce a gaida yara."